Littafin Yaya Mai Hoton Yarinya

Bana ma an kawo zoɓo tsakar gida kamar kowace kaka, an zube shi tuli a kan tabarmi, mata sun kewaye shi, amma wanda ya tsaya a bayan katanga sai ya rantse babu kowa a gidan. Kowace yarinya ta cusa igiyar waya a kunne, hannu yana ɓara, baki a rufe, can sai ka ga ɗaya ta yi murmushi ita kaɗai. In na tambaya me ya ba ta dariya, sai ta zare kunne ɗaya ta ce, "Kaka, labari nake ji," ta mayar. Labarin soyayya ne dai irin wanda muka sani, sai dai yanzu wata murya ce daga wani gari take raɗa wa kowa nasa a kunne. Ni ba labarin nake jin haushi ba, shirun ne yake ci mini rai. A zamaninmu ba a ɓarar zoɓo shiru, kuma ni ce mai yin maganar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, kuma a lokacin ni kaɗai ce mace a unguwarmu da ta gama firamare. Saboda haka in an zauna aikin zoɓo ba a miƙo mini faifai, littafi ake miƙo mini. Akwai wani tela a bakin kasuwa da ya ajiye akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kekensa, cike da littattafan soyayya da yake ɗaukowa daga Gumel yana ba da haya. In an karɓo sai a shimfiɗa mini buhu a tsakiya, in miƙe ƙafa, in gyara murya. Wanda bai taɓa ɓarar zoɓo ba bai san ƙaiƙayi ba. Hannu ya rine jawur, 'yan ƙayoyin nan su shige tsakanin yatsu, ga ƙarar gurguzu yana zuba a ƙwarya, ga akuya tana neman ta kai baki ana kora. Amma da zarar na kai wurin da saurayi ya tsaya a zaure yana jiran budurwa, shi ke nan an manta da ƙaiƙayi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ce uwar sharhi. "Ƙarya yake yi, 'yar nan, kada ki yarda!" Haka take yi wa yarinyar cikin littafi faɗa kamar tana zaune a gabanta. Inna mahaifiyarmu kuwa ba ta sharhi, sai dai in za ta tashi duba tukunya ta ce in dakata, kada a wuce ba ta nan.

An zagi littattafan nan iya zagi, ni kuwa har in mutu ba zan zage su ba. Na san matan da suka koyi haɗa baƙi don kawai su san ƙarshen labari ba sai sun jira ni ba. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa kaf, daga hannun mai daka zuwa hannun mai suyar ƙuli, har bangonsa ya yage ya faɗi. In haka ta faru sai tela ya yanko takardar buhun siminti ya ɗinka masa sabon bango da kekensa. Mu duk mun san wannan: in ka ga littafi da bangon siminti, to shi ne mai daɗin.

Yayana shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi ba ruwansa da soyayyar takarda. A gandun daji yake aiki, wurin da ake rainon dashen itatuwa kusa da Gumel. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma in ka kuskura ka ambaci gawo a gabansa ka jawo wa kanka, sai abincinka ya huce. Ran da ba shi da aiki sai ya hau kekensa ya nausa, yau Gagarawa, gobe wajen Maigatari, ya zauna da tsofaffin manoma da tsofaffin Fulani a rugage yana tambayarsu. Wane itace ne a da yake nan yanzu babu? Wane tafki ne yake riƙe ruwa har bazara? Ta ina burtali ya bi kafin a nome shi? Wace ciyawa ce take fara ɓacewa in yashi ya doso gona? Ya dawo ƙafa duk ƙaya, ya zauna yana rubutawa. Babanmu yakan ce da shi, "Kai dai ka zaɓi hira da waɗanda suka kusa kabari." Shi kuwa ya ce ai shi ya sa yake sauri.

Da ya gama sai ya kwashi takardunsa na hannu gaba ɗaya ya kai wa wani mai buga littattafai a Kano. Ba zan manta ranar da kwalin ya iso ba. Da kansa ya sauke shi daga motar Gumel, ya shigo da shi yana haki, ya kira Inna, ya kira ni, ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Ya zaro na farko, sai na ga fuskarsa ta canza. A bangon littafin ga wata yarinya fara sol, ta sha jan baki da kwalli, ta yi tagumi, ɗankwali ya zame baya. Can a bayan kafaɗarta aka liƙa wata 'yar bishiya da ba gawo ba, ba kuka ba, Allah kaɗai Ya san bishiyar wace ƙasa ce. Sunan littafin, mai maganar itatuwa da yashi, yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sunan Yaya kuwa ga shi ɓaro-ɓaro a kan ƙirjin yarinyar. Ashe mai bugawar ne ya yanke shawara shi kaɗai, wai littafin da babu fuskar mace a bangonsa ba ya fita daga shago.

Inna ta karɓa ta jujjuya ta ce, "Wannan kuma 'yar wace ce?"

Yaya ya ce, "Wallahi Inna ban san ta ba."

Ya so ya yage bangunan, amma da ya gwada ɗaya sai shafukan suka watse a hannunsa. Tela ne ya lallashe shi. Ya ce, "Malam, bar ta. Ita ce za ta shigar maka da shi gidajen da kai ba ka isa ka shiga ba." Yaya ya haƙura, don dama mata yake so su ji. Yakan ce su ne masu itacen girki, su ne masu ganyen miya, su suka fi kowa sanin abin da ya ragu a daji. Ya ba tela kaɗan ya sa a akwati, sauran ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ni kuma ya ba ni ɗaya ya ce, "Ƙanwata, ki karanta musu, ko shafi biyu ne."

Na karanta. Mata suka ga bango sabo fil, yarinya kamar ka taɓa jini ya fito, aka gyara zama. Na fara da yadda gawo yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabba inuwa. Aka kasa kunne ana jira. Na shiga bayanin sassabe, cewa in manomi ya zo kan sabara ko kalgo kada ya tumɓuke duka, ya bar reshe ɗaya ko biyu su tashi. Gwaggo ta ajiye faifai ta ce, "To wai yaushe yarinyar za ta shigo?" Na ce mu dai ci gaba. Na ƙara shafi. Wata ta ce, "Ko a gindin gawon za su haɗu?" Da dai aka tabbatar babu ita, babu saurayi, babu ko mai zuwa zance, sai tsakar gida ta kaure. Gwaggo ta ce, "Haba! An cuce mu. A ɗauko mana mai bangon siminti." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don abin da ban dariya.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da mata suka watse ta kira ni gindin murhu ta ce in ci gaba mata. Na karanta har na zo kan wani tafki da ke wajen Maigatari, garin iyayenta, wanda ɗinya da kanya suka kewaye, inda 'yan mata suke wanke ƙwarya suna tsintar 'ya'yan da suka faɗo. Sai ta dafa hannuna ta ce, "Tsaya. Wannan ai maganata ce." Na ce ƙwarai, ga shi ya rubuta cewa daga bakin mahaifiyarsa ya ji. Ta ce in sake. Na sake. Ta share ido da bakin zani ta ce, "Ashe abin da muke faɗa ma ana sa shi a littafi." Ta karɓe shi ta sa a cikin kwallarta, tare da kayanta na fita unguwa.

Abin da ya jawo masifar kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani maƙwabcinmu ne, mai dillancin awaki, matarsa ta kawo masa tuwo, ya cinye ya wanke hannu zai tashi, sai ta ce masa a littafi in mace ta yi girki mijinta yakan ce sannu, har ya kira ta da suna mai daɗi. Shi ke nan fa! Mutumin nan ya ɗauki maganar ya kai majalisa, daga majalisa ta kai gaban mai unguwa. Kowane magidanci sai ya tuna da nasa ƙorafin, wannan tuwonsa ya kama, wancan an mayar masa da magana. Aka yanke cewa littattafan tela ne suke lalata mata, a tattaro su duka, na akwati da na cikin gidaje, a cinna musu wuta.

To a nan ne fa aka yi abin da har yau in na tuna shi nake jin ɗaci a bakina. Yawancin dattawan ba su iya karatun boko ba, waɗanda suka iya kuma babu mai son a gan shi riƙe da irin wannan littafi yana dubawa. Sai mai unguwa ya kawo hanya mai sauƙi, wai don kada a zalunci kowa: duk littafin da yake da hoton mace a bango, wuta, wanda ba shi da shi, a mayar wa mai shi, wataƙila na makaranta ne. Da hantsi aka zube su a filin ƙofar gidansa. Mu mata muna leƙe ta ramukan zana. Ina gani da idona aka ɗauko masu bangon siminti, waɗanda muka fi so, waɗanda in na zo wasu wuraren a cikinsu sai in rage murya, aka jujjuya su aka ce waɗannan ba su da laifi, aka miƙa wa tela. Shi kuwa ya rungume abinsa. Sai aka zo kan na Yaya. Babu wanda ya taɓa karanta su har su tsufa, don haka ga su nan suna sheƙi, yarinya ta yi tagumi tana kallon dattawa.

Dillalin awakin nan ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Jama'a, ashe ma a cikinmu marubucin yake!"

Aka aika aka kira Yaya. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar itatuwa ce a ciki. A buɗe shafi ɗaya kawai, kowanne aka ga dama."

Mai unguwa ya ce, "Ni da furfurata in buɗe wannan a gaban jama'a?"

"To a ba wani ya karanta, ranka ya daɗe."

"A karanta mana batsa muna zaune? Yaro, in itatuwa ne a ciki, me ya kawo wannan a waje?"

Yaya ya yi bayanin mai bugawa, aka yi masa dariya. Ya juya wajen wani malamin makaranta da yake zaune a wurin, wanda ya san gaskiya sarai don ya ga takardun tun suna rubutun hannu. Malamin nan ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Ni kuwa jinina ya tafasa, na fito daga bayan zana ko mayafin kirki babu, na ce ni zan karanta, ni na karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ban rufe baki ba babanmu ya daka mini tsawa ya ce in koma gida. Wani daga cikin taron ya ce, "Kun ji ko? Har ƙanwar ya koya wa."

Wannan kalma ita ta karya babanmu. Mutum ne mai gudun abin kunya fiye da yadda yake gudun yunwa. Ya tashi ya shiga gida, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gadon Yaya, ya ɗora a kansa da kansa, yana da 'ya'ya maza amma bai sa kowa ba. A tsakar gida ya tsaya ya tambayi Inna ko akwai saura. Inna ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba ta fara a ranar ba. Ta buɗe kwalla ta ɗauko ta miƙa masa. Ya kai su filin ya zube, aka zuba kananzir. Yaya yana durƙushe a inda yake har wutar ta cinye, kuma babu wanda ya ce masa ya tashi.

Daga baya ya koma Kano neman takardunsa na hannu da ragowar da aka bari a shago. Aka ce takardun sun ɓace, ragowar kuma da suka ƙi fita an sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Ya dawo hannu rabbana. Na ce masa ya sake rubutawa, ai kansa yana nan. Ya ce, "Kaina yana nan, amma ba daga kaina na ɗauko ba." Gaskiya ya faɗa. Kafin a yi wasu damuna tsofaffin nan da ya yi hira da su sun bi juna ɗaya bayan ɗaya. A gari kuwa suna ya riga ya bi shi, in ya wuce sai a ce ga mai littafin 'yan mata. Ya bar aikin gandun daji, ya koma Maigatari yana awon riɗi da zoɓo a wani sito. Ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura. Ban sake jin ya ambaci gawo ba, ko da wasa.

Yanzu fa kowa ya zama masanin hamada. Gonar babanmu ta arewa yashi ya binne rabinta, in ka tsaya a cikinta sai ka hango hasumiyar garin gaba babu abin da ya tare maka ido. Itacen girki da muke tsinta a bayan gida yanzu a mota ake kawo shi. Jikokina ba su san ɗanɗanon ɗinya ba, kanya kuwa sun ɗauka sunan gari ne kawai. Kowace damina sai an yi rigima a kan inda burtali ya bi, kowa ya rantse da abin da kakansa ya faɗa, kakan kuma yana ƙasa. Ran nan da aka kai ni asibiti a Gumel na tsaya a wani shagon littattafai. Gefe guda na soyayya ne, har yau da 'yan matansu a bango, babu mai tsangwamar su. Ɗaya gefen kuma littattafai ne a kan zamantakewa da muhalli, masu farin bango, waɗanda mutanen nesa suka rubuta a kan ƙasarmu. Na buɗe ɗaya na duba. Ba laifi, akwai ilmi a ciki, amma babu tafkin su Inna. Irin waɗannan ake rabawa a taro yanzu, a dasa 'yar bishiya a ɗauki hoto, kuma 'ya'yan waɗanda suka zuba kananzir su ne a sahun gaba suna tafi. In na gani sai in ji kamar in yi ihu, sai kuma in tuna tsohuwa ce ni, za a ce ruɗewa na yi.

Yaya ya rasu a daminar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya. Na je Maigatari zaman makoki. Mu mata muna ciki, maza suna ƙofar gida a ƙarƙashin tamfol, katanga ce kawai tsakaninmu, duk abin da aka faɗa muna ji. Ran uku sai ga mota daga ƙauyenmu cike da masu gaisuwa. A cikinsu har da dillalin awakin nan, ya tsufa tukuf, sai an riƙe shi yake tafiya. Da yake shi ne mafi shekaru sai aka ce ya yi addu'a. Na gane muryarsa tun daga bisimilla. Ya yaba wa Yaya, ya ce mutum ne mai haƙuri, mai gaskiya a awo, wanda bai taɓa tauye mudun kowa ba. Har na fara jin zuciyata tana sanyi. Sai ya ja numfashi ya ce, "Allah Ya gafarta masa kurakuransa, har da wancan littafin da ƙuruciya ta sa shi rubutawa. Allah Ya sa kada a tambaye shi a kansa."

Maza suka amsa da amin gaba ɗaya. Matan da ke kusa da ni su ma suka amsa suna shafawa. Ni kuwa na sauke hannuna na ɗora a cinya. A cikin masu amsawar, ta bayan katanga, na tsinkayi muryar ɗan Yaya na fari, yana kuka, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi.